Gefe Huɗu, Kusurwa Huɗu: Yadda Malaman Falaki Suka Auna Alƙibla



A ƙasashenmu idan baƙo ya sauka gidan mutum lokacin salla, ba ya cewa ina alƙibla, sai ya ce ina gabas. Haka muka gada, har kalmar gabas ta zama sunan alƙibla a bakinmu. Amma wanda ya auna ya san Makka ba gabas sak take da mu ba, ta karkata arewa. Idan aka raba da'ira kashi 360, kowane kashi sunansa daraja, kuma daga gabas zuwa arewa daraja 90 ne. To mutumin Yamai sai ya bar gabas ya juya wajen arewa da kimanin daraja 18, na Maraɗi da Damagaram kimanin 19, na Agadas kimanin 14. Ƴan'uwanmu na Kumasi karkatarsu ta kusa daraja 25, na Garwa kuwa ta kusa 29. Yau ko yaro yana ciro waɗannan lambobi daga wayar hannu. Abin da muke so mu bibiya shi ne su wa suka fara iya fitar da su, kuma da wane kayan aiki. Kayan aikin nasu siffa ce mai gefe huɗu, irin wadda ƴan lakwal suke zanawa a allo, wasunsu suna tsammanin daga Faransa ta zo.

Mu fara da abin da kowa ya taɓa gani. Magini idan zai fitar da harsashin ɗaki, bayan ya kafa turaku huɗu ya daidaita tsawo da faɗi, sai ya ja igiya daga wannan kusurwa zuwa wadda take kallonta, ya sake ja ta ɗaya ɓangaren. In igiyoyin biyu sun yi daidai, ɗakin ya zauna. Wannan layi da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa Larabawa suna ce masa ƙuɗur, mu kuma bari mu kira shi igiyar tsakiya. Ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4, igiyar tsakiyarsa mita 5 ce.

Wajen shekara ta 150 miladiyya, a birnin Iskandariyya ta Masar, an yi wani masanin taurari Bayunane mai suna Baɗlimus. A maƙala ta farko ta littafinsa da Larabawa suka sa wa suna Almajisɗi, ya tabbatar da wata ƙa'ida wadda ta fi ta maginin nan faɗi. Ya ce duk siffa mai gefe huɗu wadda kusurwoyinta huɗu suka zauna a kan da'ira ɗaya, ko da kuwa gefenta ba su yi daidai da juna ba, in ka buga igiyar tsakiya ta farko sau ta biyu, abin da ya fito daidai yake da abin da za ka samu in ka buga kowane gefe sau wanda yake kallonsa, sannan ka haɗa sakamakon biyu. A ɗakinmu na ɗazu, 5 sau 5 ya ba da 25, kuma 3 sau 3 a haɗa da 4 sau 4 shi ma 25 ne. Ga misalin da ya fi wannan daɗi, wanda malaman lissafi na Indiya suka saba kawowa: gefe huɗu a jere masu kamu 25, 39, 60 da 52, igiyoyin tsakiyarsu 56 da 63. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami. 56 sau 63 ya ba da 3528. Sai 25 sau 60, 1500 ke nan, da 39 sau 52, 2028. A haɗa su, 3528. Ku riƙe waɗannan lambobi, za mu komo kansu.

Baɗlimus ba don nishaɗi ya nemi wannan ba. Tafiyar rana da taurari a kan baka take, watau yanki na da'ira, kuma baka ba ya aunuwa da sanda. Abin da yake aunuwa shi ne tsirkiya, miƙaƙƙen layin da ya haɗa bakin baka biyu, wanda Larabci ke kira watar. Saboda haka yana bukatar jadawali mai faɗin tsawon tsirkiyar kowane baka. Ya san tsirkiyar daraja 60 daga siffa mai gefe shida, ya san ta daraja 72 daga mai gefe biyar. Da ƙa'idar nan tasa ta gefe huɗu ya fitar da ta bambancinsu, daraja 12. Daga nan ya riƙa rabawa biyu, 6, 3, ɗaya da rabi, har ya gina jadawali daga rabin daraja zuwa 180, yana hawa rabi-rabi. Jadawalin nan shi ne kakan abin da yau ake kira hisabul musallasati, lissafin alwatika.

Mutanen Indiya suka ga aiki da rabin tsirkiya ya fi sauƙi, suka kira shi jiba ko jiya, wadda a harshensu ma tsirkiyar baka take nufi. Da kalmar ta shigo Larabci aka rubuta ta da jimun, ya'un da ba'un. Ku ɗalibai kun san abin da ke faruwa da kalmar da ba a yi wa wasali ba: masu karatu suka karanta ta jaib, watau wuyan riga ko ƙirjinta. Kalmar nan ce ta zo mana da alif da lam ta zama aljihu. A ƙarni na 12 masu fassara a Andalus suka mayar da jaib zuwa Latinanci da kalmar da take nufin lanƙwasar riga, sinus, kuma ita ce har yau malamin lissafi yake rubutawa a allo. Ashe yaron da ke kukan wuyar sinus, da aljihu yake fama.

Akwai wani abu kuma daga Indiya da ya shafi masu rabon gado. A shekara ta 628 wani masani mai suna Barahmagubta ya rubuta hanyoyi biyu na auna faɗin fili mai gefe huɗu, ɗaya ta kintace, ɗaya ta haƙiƙa. Ta kintace ita ce wadda har yanzu ake yi a ƙauyuka: a haɗa gefe biyu masu kallon juna a raba biyu, a yi wa sauran biyun haka, a buga wannan sau wancan. Ta haƙiƙa kuwa, ga siffar da ke cikin da'ira, a haɗa gefe huɗun a raba biyu, a cire kowane gefe daga wannan rabi, a buga ragowar huɗun da juna, a nemi lambar da in an buga ta sau kanta za ta ba da abin da ya fito. A misalinmu rabin shi ne 88, ragowar su ne 63, 49, 28 da 36, amsar kuma 1764. Hanyar kintace ta ba da kusan 1934. Ƙarin 170 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin goma na filin, ƙasar da babu ita. Hanyar kintace ba ta taɓa ragewa, kullum ƙarawa take, sai fa in filin ya zauna kamar ɗakin magini. Wanda aka ba karkatacciyar gona da wannan awo, an ba shi ƙasa da abin da aka rubuta masa. Gonar da ba ta zauna ba, abin da ya fi aminci a ja mata igiyar tsakiya a raba ta alwatika biyu, a auna kowace daban.

Mu koma ga alƙibla. A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, littattafan Yunan da na Indiya suka haɗu a harshe ɗaya. Hajjaju bin Yusufa bin Maɗar ya fassara littafin handasa na Uƙlidis da kuma Almajisɗi. Kada ɗalibi ya ɗauka Hajjajun nan ne gwamnan Iraƙi na zamanin Umayyawa, suna ne kawai ya zo ɗaya. Musulmi kuwa suna da wata tambaya da Baɗlimus bai taɓa bukatar amsarta ba: ga mutum a gari kaza, ta wace fuska zai juya ya kalli wani gari ayyananne? Da ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma da abin bai yi wuya ba. Amma malaman falakin nan sun san a dunƙule take, har Halifa Ma'amun, wanda ya rasu a 218 Hijiriyya (833), ya tura masana filin Sinjar suka auna tsawon daraja ɗaya ta doronta. A kan abu dunƙulalle, hanya mafi kusa tsakanin wuri biyu baka ce ta babbar da'ira, kuma ƙa'idojin alwatikar da aka zana a takarda ba sa aiki a kanta yadda suke.

Makamin da suka gada don wannan matsala ya fito daga Manalawus, wani Bayunane da ya rayu wajen shekara ta 100. Asalin littafinsa na Yunananci ya ɓace, ta fassarar Larabci duniya ta san shi. Ka zana layi huɗu, kowanne ya ratsa sauran ukun. Za su haɗu a wuri shida, su bar siffa mai gefe huɗu a tsakiya da alwatika biyu manne da ita. Larabawa suka kira ta shaklul ƙaɗɗa'i, siffa mai yankewa. A sararin sama, layin da sama ta haɗu da ƙasa, da layin zawali, da hanyar rana, duk manyan da'irori ne, kuma in huɗu daga irinsu suka ratsa juna wannan siffa suke bayarwa. Ƙa'idar ta ɗaure baka shida da juna, wanda ya san biyar zai fitar da na shida. Tana aiki, amma da wahala. Sabitu bin Ƙurra na Harran, wanda ya rasu a 901, ya rubuta risala a kanta, ya ƙirga fuskoki 18 da ake jera lambobin shida. Shi Sabitu ba Musulmi ba ne, Basabi'e ne, kuma hakan bai hana Halifa Mu'utalid kusantar da shi ba. Nairizi, da ya zo fitar da alƙiblar Bagadaza, sai da ya yi amfani da ƙa'idar sau huɗu a jere. Kuskure ɗaya a hanya ya ɓata aikin duka.

A ƙarshen ƙarni na huɗu na Hijira aka sami mafita. Aka gano cewa a alwatikar da ke kan dunƙulallen abu, jaibin kowane gefe yana tafiya daidai da jaibin kusurwar da take kallonsa. Lambobi huɗu ke nan maimakon shida, ka san uku ka sami ta huɗu. Suka sa wa sabuwar ƙa'idar suna shaklul mugni, mai wadatarwa, domin ta wadatar da su daga ƙaɗɗa'i. Kuma kamar yadda aka saba tsakanin malamai, sai gardama ta tashi kan wa ya riga. Abul Wafa'i Albuzajani na Bagadaza ya ce shi ne, Alkhujandi na Rayyu ya ce shi ne, ga kuma Abu Nasri Mansur bin Iraƙ na Khuwarizm. Albiruni ne ya ba da labarin rigimar a littafinsa Maƙalidu Ilmil Hai'a, ya rinjayar da Abu Nasri. Sai dai mai karatu ya sani Abu Nasri malaminsa ne.

Shi wannan Abu Raihana Albiruni, wanda aka haifa a 362 Hijiriyya (973), a wurinsa za mu daɗe, domin a hannunsa ne gefe huɗun Baɗlimus suka sauko daga sama suka auna ƙasa. Kafin ka lissafa alƙiblar gari sai ka san abu biyu game da shi da kuma Makka. Na farko ardu, nisan gari arewa ko kudu daga layin tsakiyar duniya. Wannan mai sauƙi ne, tsayin rana lokacin zawali yana bayar da shi. Na biyu ɗulu, nisansa gabas ko yamma, kuma shi ne ƙashin wuya a zamanin da babu agogon da za a ɗauka daga gari zuwa gari. Hanya ɗaya ita ce husufin wata, tunda duk inda ake ganinsa lokaci ɗaya ake ganinsa amma kowane gari da sa'arsa. A shekara ta 997 Albiruni yana Kas ta Khuwarizm, Abul Wafa'i yana Bagadaza, suka shirya ta wasiƙa kowa ya duba husufi ɗaya. Suka sami bambancin kimanin sa'a ɗaya, watau daraja 15. Amma husufi ba kullum ba ne, kuma ba kowane gari ke da Abul Wafa'i ba.

Bayan Sarki Mahmudu ya ci Khuwarizm a 1017, aka tafi da Albiruni Gazna, a ƙasar Afganistan ta yau. A can ya kammala littafinsa Tahdidu Nihayatil Amakin a 416 Hijiriyya (1025), kuma abin da ya sa a gaba shi ne fitar da alƙiblar Gazna. Ga dabararsa. Ɗauki gari biyu, Alif da Ba, waɗanda ka san ardunsu, ka kuma san nisan da ke tsakaninsu daga bakin matafiya. A kan layin zawalin Alif sa ɗigo a daidai ardun Ba, kira shi Jim. A kan layin zawalin Ba sa ɗigo a daidai ardun Alif, kira shi Dal. In ka haɗa ɗigo huɗun da tsirkiyoyi, ka sami siffa mai gefe huɗu: na sama da na ƙasa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na dama da na hagu kuma tsawonsu ɗaya. Irin wannan siffa dole kusurwoyinta su zauna a kan da'ira, saboda haka ƙa'idar Baɗlimus ta hau kanta. Igiyoyin tsakiyarta biyu daidai suke, kowace ita ce nisan garuruwan. Gefen dama da na hagu bambancin ardu ne, an san shi. Abin da ya rage a ɓoye shi ne na sama da na ƙasa, kuma su biyun daga bambancin ɗulu suke fitowa. Sai lissafi ya tono shi.

Nisan da matafiya suke faɗa kuwa bai karɓe shi yadda yake ba. Ya san hanyar ayari tana kewaye dutse tana bin rijiya, don haka yakan rage wani kaso gwargwadon karkacewar hanyar. Kuma bai yi tsalle ɗaya daga Bagadaza zuwa Gazna ba, zango-zango ya bi, ta Rayyu da Jurjaniyya, ya sake bi ta Shiraz don ya gwada wannan da wancan. Ya tsaya a kan cewa tsakanin Bagadaza da Gazna daraja 24 ne da kimanin sulusi. Awon zamani ya ba da 24 da ɗan kaɗan. Kuskurensa bai kai rabin daraja ba, daga labarin masu raƙuma da siffa mai gefe huɗu. A ganinmu, cikin tarihin nan duka babu aikin da ya kai wannan kyau.

Wanda ya tattara ilmin a littafi guda shi ne Nasiruddin Aɗɗusi, mai ɗakin duban taurari na Maraga. A 658 Hijiriyya (1260) ya fitar da Kashful Ƙina'i an Asrari Shaklil Ƙaɗɗa'i, maƙala biyar. Ya bi tsohuwar siffar fuska-fuska, sannan ya nuna yadda mugni da ƴar'uwarta ta inuwa suka maye gurbinta, ya jera hanyoyin warware alwatika ta kan takarda da ta kan dunƙulallen abu. Kafin shi lissafin alwatika yawanci babi ne a gabatarwar littafin falaki, a nan ya tsaya da ƙafarsa. An buga littafin a Istambul a 1891 tare da fassarar Faransanci. Ba mu manta ba cewa mutumin nan yana cikin tawagar Hulaku lokacin da Bagadaza ta faɗi a 656 (1258), kuma malaman tarihi sun yi magana mai zafi a kansa. Wannan hisabinsa ne, littafin kuwa an duba lissafinsa an same shi daidai.

Daga nan ilmin ya shiga masallaci da kansa. A Masar da Sham aka sami muƙamin muwaƙƙit, masanin falaki da masallaci yake ɗauka don lokutan salla da alƙibla. Ɗaya daga cikinsu, Shamsuddin Alkhalili na masallacin Umayyawa a Dimashƙa, wajen 1365 ya tsara jadawalin alƙibla ga kowace daraja ta ardu daga 10 zuwa 56, da kowace daraja ta nisan ɗulu daga Makka daga 1 zuwa 60, lambobi kusan dubu uku da hannu. Damagaram tana kan ardu kusan 14, tsakaninta da Makka kusan daraja 31. Watau gidanta yana cikin jadawalin nan tun fiye da shekara 600.

A nan sai mu ja hankalin matasa, masu ɗora waya a kan darduma su ce masallacin kakanni ya karkace. Tsofaffin masallatai da dama an gina su kafin wannan lissafi, da mafitar rana ko ta wani tauraro. Masallacin Amru bin Asi a Fusɗaɗ ya saɓa da alƙiblar da masana falakin Alƙahira suka lissafa daga baya da kimanin daraja 10, kuma Almaƙrizi, wanda ya rasu a 845 Hijiriyya, ya yi bayanin saɓanin miharaban Masar a Khiɗaɗ ɗinsa. Babban masallacin Ƙurɗuba ya fi fuskantar kudu a kan abin da lissafi ya bayar. Ba a rushe su ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda yake gaban Ka'aba ainihinta zai fuskanta, na nesa kuwa jiha ce wajibinsa bisa ijtihadi, kuma karkata kaɗan ba ta ɓata salla. Amma wanda zai kafa sabon harsashi yau, ga awo a hannunsa, ba mu ga dalilin da zai sa ya tsaya kan kintace ba.

Abin da Turawa suka ƙara daga baya shi ma a faɗe shi. A ƙarni na 19, ta hannun irin su Hamilton a 1843 da Grassmann a 1844, aka soma lissafi da kibiya, watau layi mai tsawo da fuska, wanda ƴan boko suke kira fekta. Tafiya daga Alif zuwa Ba, sannan daga Ba zuwa Jim, daidai take da kibiya ɗaya daga Alif zuwa Jim. Da wannan kaɗai ake tabbatar da wata ƙa'ida ta Bafaranshe Varignon, wadda aka buga a 1731: kowace siffa mai gefe huɗu, kome karkacewarta, in ka haɗa tsakiyar gefenta huɗu, siffar da ta fito a ciki kowane gefenta daidai yake da mai kallonsa, kuma fuska ɗaya suke bi. Dalili, daga tsakiyar gefen farko zuwa tsakiyar na biyu rabin kibiya ce da rabin kibiya, watau rabin igiyar tsakiya, kuma ta ɗaya ɓangaren ma haka. A misalinmu na Indiya, inda igiyoyin 56 da 63 suka gitta juna a tsaye, ta cikin ta zama ɗaki mai 28 da 31 da rabi, faɗinsa 882, rabin 1764 cif. Wanda ya zana kibiya biyu daga cibiyar ƙasa, ɗaya zuwa garinsa ɗaya zuwa Makka, amsar da zai samu ita ce wadda mugni take bayarwa.

Ga wanda ba shi da jadawali ba shi da waya, akwai hanyar da tsofaffin littattafan falaki suka ambata. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai kan Ka'aba lokacin zawalin Makka: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A Nijar da Kamaru ƙarfe 10:18 da 10:27 na safe ke nan, a Gana 9:18 da 9:27. A kafa sanda a miƙe a kan daɓe mai daidai, a ja layi a kan inuwarta a wannan minti. Wanda ya tsaya a ƙarshen inuwar ya kalli sandar, alƙibla yake kallo. Ta Yuli takan faɗo cikin damina, in hadari ya rufe rana a gwada washegari a lokacin, bambancin ba shi da yawa.